Idon da Aka Rufe da Malafa

Misbahu ya sauka a tashar Haɗejiya da jaka ɗaya da ciwon baya. Tun daga Kano yake rungume da jakar a cinya, ya hana a ɗora ta saman mota, har kwandasta ya tambaye shi ko jariri ne a ciki. Bai tanka ba. Ya gaji da amsa tambaya. Shekaru ya kwashe yana amsawa, a ƙasar da ya yi karatu da kuma jami'ar da yake koyarwa yanzu, kuma duk mai tambayar daga ƙarshe "Allah ya ba da sa'a" yake cewa ya kama gabansa.

Abin da ke cikin jakar wani falle ne mai kama da leda, bai fi tafin hannu biyu ba. Ana lanƙwasa shi, ana naɗa shi a jikin kara, ba ya karyewa. A cikinsa an shimfiɗa wayoyi sirara ƙwarai, sai an haɗa dubbai kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Idan haske ya sauka a kansu suna ji, idan inuwa ta gifta suna ji. Abin da ya ci wa Misbahu ƙuruciyarsa shi ne sa su riƙe abin da suka ji, yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke riƙewa a inda suke haɗuwa da juna. Aikinsu irin na burtali ne. Hanyar da shanu ke bi kullum tana faɗi tana ƙarfi, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Idan fallen ya yi ta ganin ƙiftawar inuwar tsuntsaye yau da gobe, hanyar wannan inuwar sai ta yi ƙarfi a cikinsa, har ya kai ga gane garke tun yana nesa ya tayar da lasifika. Idan ya zauna a duhu, ya manta komai.

Ya yi irinsa da yawa. Duk sun mutu, wasu zafi ya kashe, wasu laima. Wannan ne ya rage.

Gonar da zai kai shi ta mahaifinsa ce, Malam Shu'ibu, a fadama ta wajen Kirikasamma. Kakan Misbahu ne ya sare ta lokacin da shanu suka ƙare aka ajiye sanda aka ɗauki fartanya, kuma daga cikinta gidan ke cin shinkafa shekara ta zagayo. Bara tsuntsun jan-baki ya cinye ta. Tun da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta yi duhu, tsuntsun ya samu makwanci, yana fitowa kamar hayaƙi ya sauka a gona ya bar ƙaiƙayi. Korar tsuntsu aikin masu ƙafa ne, masu ƙafar gidan kuwa duk sun tafi birni. Gwiwoyin Malam Shu'ibu sun kumbura, tsayuwar sallah ma da ƙyar. Ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa idan bana ma tsuntsu ya ci, ya bar wa kacalla gonar, ba zai ƙara zuba iri don ya ciyar da abin da ba ya godiya ba. Mutum ne da ba ya maimaita magana.

Duk wannan Misbahu a bakin Goggo Yelwa ya ji, yayar mahaifin nasa, domin shi ɗan fari ne. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kallon idonsa, ba ya zama hira da shi. Tun yaye aka miƙa shi ga Goggo, ita ta raine shi, ita ce kuma hanyar magana tsakaninsu har yau da furfura ta fara tsiro masa a gemu. Kunya ado ce, babu mai musu. Amma akwai maganar da in ta bi ta bakin mutum na uku, rabi ke isa.

Ya tarar da mahaifinsa a tsakar gida kan tabarma yana tufka igiya. Ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan.

"Baffa, barka da yamma."

"Lafiya," in ji tsohon, yana kallon igiyar. "An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

Shi ke nan, hira ta ƙare. Misbahu ya wuce ƙofar ɗakin Goggo, ta jawo masa kujera 'yar tsugune ta tura masa kwanon fura.

"Ka rame," ta ce. "Wannan matar taka ba ta dafa abinci ne, ko boko ne ke tsotse ka?"

"Goggo, aiki ne."

Ya buɗe jaka ya nuna mata. Ya ɗan ɗaga murya don mai tufka ya ji, ya fara bayani tun daga wayoyin, ya bi ta haske da inuwa, ya zo kan ƙananan garken da ke yawo safe da yamma kafin shinkafa ta yi nono, waɗanda a kansu fallen zai koya. A tsakiyar wannan ya ce dole a bar shi yana kallon sama kullum. Amma irin muryar da yake karantarwa da ita a aji ya yi amfani da ita, mai sa barci, ga kuma rediyo na magana kusa da tabarma. Goggo ta yi hamma ta ɗaga hannu.

"Tsaya haka, ɗan nan. Kaina ya ɗauki zafi. Wannan abin, kana da wani irinsa?"

"Shi kaɗai ya rage."

"Yana da ƙwari?"

"Ba sosai ba. 'Yan uwansa duk zafi da laima suka kashe."

"To na ji." Ta juya ta ɗaga murya. "Shu'ibu! Yaron nan ya zo maka da amana. Zai kafa abu a gona mai korar tsuntsu, ranar da suka zo shi zai yi ihu, kai ka huta. Aikin shekarunsa ne, babu na biyunsa, kuma ƙwai ya fi shi ƙwari. Sai ka kula."

"Na ji, Yaya," in ji tsohon. Hannunsa ya tsaya kan igiyar kaɗan, sannan ya ci gaba.

Misbahu ya lura ta yar da maganar kallon sama. Ya buɗe baki ya rufe. Gyara mata zance a gaban ƙaninta ya yi masa nauyi, juyawa ya fuskanci mahaifinsa ya fi nauyi, ga gajiyar hanya. Ya ce a ransa ai abin a fili zai tsaya, wa zai hana shi ganin sama? Ya ɗauki fura ya sha. Wannan shirun ya kira shi ladabi. Ragwanci ne.

Washegari da hantsi Zarami ya ɗauke su a kwalekwalensa. Zarami Babarbare ne, maƙwabcin gona, sa'an Malam Shu'ibu kuma abokin wasansa, bakinsa ba ya hutawa. Uba ya zauna a goshin jirgi ya ba da baya, ɗa ya zauna a tsakiya da jaka a cinya. Suka bi ta wata siririyar hanya da aka sare cikin kacalla, ganyen na goga musu kafaɗu.

"Likita," in ji Zarami, "an ce ka zo da maganin jan-baki. Allura za ka yi musu ɗaya bayan ɗaya?"

"Ba irin wannan likitan ba ne, Baba Zarami."

"Na sani. Irin wanda ba ya warkar da kowa. Shu'ibu, bawana, ka ga abin da kuɗin shanunka suka saya?"

"Tuƙa jirgi, kai," in ji Malam Shu'ibu. "Da Babarbare ya san daraja da bai tsaga fuskarsa ba."

Shinkafar ta yi kyau, kore shar, ta fara ciki. Ta Zarami da ke gefe tana baya da ita sosai, domin ruwa ya daɗe bai janye daga wajensa ba, ya makara da shuka. Misbahu ya kafa doguwar gora a kan kunyar da ke tsakiyar gonar mahaifinsa, ya naɗa fallen a samanta yadda zai ga sama ta kowace fuska. Ƙasa da shi ya ɗaure akwatin batir da ɗan farantin sola da lasifika. Ya danna wani maɓalli don gwaji, lasifikar ta saki wata ƙara mai haɗe da kukan shaho da dukan gwangwani, balbelu suka tashi daga nesa. Zarami ya toshe kunne.

"Kai! Wannan ko surukata ba ta kai shi ba. To yanzu shi ke nan?"

"Sai ya koya tukuna."

"Ledar ce za ta koya? Fulani dai ba ku rabuwa da kiwo. Shanu sun ƙare, kun koma kiwon leda. A sa shi firamare mana, a ɗinka masa riga."

Malam Shu'ibu yana tsaye nesa da malafarsa a ka, tsohuwar malafa mai faɗi wadda Misbahu ya san ta tun yana yaro. Bai matso ba sai da ɗan ya juya yana haɗa kaya. Ta gefen ido Misbahu ya ga tsohon ya je gindin gorar, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon fallen yana ƙyalli cikin rana, sannan ya dubi ranar kanta ya tsuke fuska.

Misbahu ya koma Kano a ranar, jarrabawa na jiransa.

Akwatin yana aiko masa da labari ta waya. Ranar farko ya ga layin haske yana hawa da sauka yadda ya kamata, har ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa wanda ya manta da shi. Rana ta biyu layin ya kwanta. Ta uku ma haka. Ya san wannan kwanciyar, haka sauran suka yi kafin ya zubar da su: su yi kwana ɗaya suna gani, laima ta shige su, su makance. Bai yi mamaki ba. Wanda ya saba da faɗuwa, da ya ga alamarta ba ya neman wani dalili. Ya ajiye wayar ya jawo takardun jarrabawa.

Bayan mako ya kira Goggo.

"Goggo, abin nan yana nan kuwa?"

"Yana nan daram. Ubanka ya fi kula da shi a kan idonsa. Kullum sai ya je, da gwiwar nan tasa."

"An ɗaura igiyoyin gwangwani bana?"

"Wane gwangwani kuma? Ya ce abin yaron nan ya isa. Masu zuwa kora daga ƙauye ma sun zo neman aiki ya sallame su. Har a masallaci ya faɗa, shi da ba ya magana. Lafiya dai?"

Nan ne wurin faɗin gaskiya. Kalma kaɗan ce: abin ya mutu, a ɗaura gwangwani. Misbahu ya hango tsohon a masallaci yana ambaton aikin ɗan da bai taɓa kiran sunansa ba.

"Lafiya lau, Goggo. Zan zo in duba."

Bai zo ba. Ya ce sai ya gama makin jarrabawa, ya gama ya ce sai an yi taron sashe. Kowace safiya yana buɗe waya ya ga layin a kwance ya rufe. Ya daina cin abinci sosai, matarsa ta yi tambaya har ta gaji. Mutum yakan ɗauka in ya jinkirta mugun labari ya rage masa kaifi, alhali shinkafa ba ta san jinkiri ba. Ta fid da kai, ta yi fure, ta fara nono.

Goggo ce ta kira da kanta.

"Tsuntsu ya sauka a gonakin gabas, an ce rana ma ba a gani. Yau ko gobe yana wajenmu. Ubanka ya ce a gaya maka, in kana son ganin aikin abinka ka taho."

Ya kwana a Haɗejiya, da sassafe Zarami ya tsallaka da shi. Tsohon ya riga su, wani masunci ya rage masa hanya. A cikin jirgi Misbahu yana ta shirya yadda zai faɗa, ta bakin Zarami, cewa abin gawa ne tun tuni. Da suka fito daga cikin kacalla ya ɗaga ido ya nemi gorar.

Malafa ce a samanta.

An kifa ta a kan fallen, an ɗaure da tsohon rawani don kada iska ta ɗauke. Ƙarƙashinta ana hango wani farin ƙyalle da aka naɗe fallen da shi. A gindin gorar ga wani turmi da aka kifa don takawa. Malam Shu'ibu yana tsaye a gefe da 'yar hula, wuyansa da goshinsa sun ƙone sun yi baƙi ƙirin, fatar tana saɓulewa.

Misbahu ya juya wajen Zarami.

"Baba Zarami, wannan malafar tun yaushe?"

"Tun washegarin tafiyarka. Ya ce rana za ta cinye shi, leda ce, kuma kai da bakinka ka ce zafi ya kashe 'yan uwansa. In hadari ya haɗo har buhu yake ƙarawa. Na ce masa, bawan Allah, ka sayi wata malafar mana, kanka zai dahu. Ya ce wannan ce ta san ruwa. Kullum yana hawa turmin nan da gwiwa kamar kabewa, ya leƙa ya ga ko tururuwa ta shiga, ya mayar ya rufe." Zarami ya yi dariya. "Ya ce rigar Sallah ba a sa ta ranar kasuwa. Sai ranar da tsuntsu ya zo zai buɗe."

Ashe fallen bai mutu ba. Shi kaɗai cikin 'yan uwansa ya rayu, kuma duk makonnin da ƙananan garke ke giftawa safe da yamma, yana cikin duhu kamar zinariya a adaka.

Suka sauka. Misbahu ya durƙusa a kan kunya ya gaida mahaifinsa, tsohon ya amsa yana kallon gabas. Can ƙasan sama wani abu ya taso, kamar hayaƙin gobarar daji, yana miƙewa yana naɗewa. Daga gonakin nesa aka fara jin ihu da dukan garwa.

Malam Shu'ibu ya dafa gorar ya hau turmin a hankali, yana cije leɓe. Ya kwance rawanin, ya ɗauke malafar, ya warware ƙyallen kamar mai buɗe jariri. Fallen ya fito yana ƙyalli, sabo fil.

"Zarami," ya ce, "ka ce masa ga amanarsa. Ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

Ya sauko ya koma gefe, ya riƙe malafar a hannu, ya zuba wa lasifikar ido.

Garken ya iso. Ƙararsa ta riga shi, kamar ruwan sama a kan kwano. Inuwa ta rufe gonar, tana ƙiftawa a kan ruwa da kan fuskokinsu. Lasifikar ba ta ce uffan ba. Fallen yana gani, amma bai taɓa ganin wannan ba, bai san abin tsoro ne ba. Tsohon bai motsa ba, yana jira, har tsuntsayen farko suka sauka kan zangarniya suka lanƙwasa ta.

"Likita!" Zarami ya yi tsawa. "Ledarka barci take yi?"

Misbahu ya ruga ya danna maɓallin gwaji. Ƙarar ta tashi, garken ya ɗaga kamar an yaye bargo, ya kewaya ya sauka a ƙarshen gona. Ya sake dannawa, suka ɗaga, suka sauka. Amma jan-baki ai tun yana sama ake tare shi, kafin ya ɗanɗana. In ya riga ya sa baki a nono, ƙara ba ta hana shi. Kafin rana ta take, tsuntsayen da ke nesa da gorar sun daina ko ɗaga kai.

Sai suka koma yadda aka saba. Zarami ya kwance majajjawa yana jifa da curin laka. Misbahu ya cire riga yana kaɗawa, yana gudu cikin ruwa zuwa gwiwa, yana faɗuwa yana tashi, yana ihu da muryar da bai san yana da ita ba. Malam Shu'ibu ya ɗauki garwa da sanda, ya ja ƙafa daga wannan kunya zuwa waccan. Babu igiya, babu gwangwani, babu masu kora, an sallame su. Mutum uku, biyu tsofaffi, a gonar da ke buƙatar goma. In sun kori gabas yamma ta cika.

Da azahar suka yi sallah a kan tudu ɗaya bayan ɗaya. Misbahu ya idar ya tarar da mahaifinsa zaune, ya miƙe ƙafa, garwar a gefe. Zarami yana can ƙarshen gona. Babu na uku. Ya durƙusa a gabansa, kusa, irin kusancin da bai taɓa yi ba.

"Baffa, ba a rufe shi. Da gani yake koyo. Sai ya yi ta ganin tsuntsu kullum sannan ya san shi. In an rufe, mantawa yake."

Tsohon ya dubi ƙasa.

"Yaya ba ta faɗa ba."

"Na ji ba ta faɗa ba, ban gyara ba. Kuma na ga alama a waya, na ɗauka ya mutu, na yi shiru."

Tsuntsaye na ta ci, ana jin ƙarar bakinsu kamar ana soya gyaɗa. Malam Shu'ibu ya juya malafar a hannunsa ya dubi cikinta.

"Ashe ni na makantar da shi," ya ce, ba da kowa yake ba. Ya jawo garwa ya dafa ƙasa ya miƙe.

Kwanaki suka yi a haka, su fito da asuba su koma da magariba. Goggo ta aika ƙauye neman masu kora, aka ce duk an ɗauke su. Muryar Misbahu ta dushe, tafin ƙafarsa ya tsage. Ba wanda ya ƙara taɓa gorar. Fallen yana can a buɗe, garke na wucewa a kansa safe da yamma, hanyar inuwar tana faɗi a cikinsa ba tare da kowa ya kula ba.

Wata safiya, suna zaune a kan kunya sun kasa ko ɗaga sanda, sama fes babu komai a ido, sai lasifikar ta fashe da ƙara ita kaɗai. Duk suka zabura. Can sai ga garke ya ɓullo ta bayan kacalla, ƙarar ta tare shi tun yana sama, ya karkata ya yi arewa. Bai sauka ba.

Suka dubi gonar da aka tsare. Zangarniyoyi a tsaye, farare, babu nauyin da zai sunkuyar da su. In ban da ɗan abin da ke kewaye da gorar da bakin tudu, sauran ƙaiƙayi ne.

"Ya iya karatu," in ji Zarami a hankali. "Bayan an tashi daga makaranta."

Ba wanda ya yi dariya. Misbahu ya zauna yana kallon abin da ya kwashe shekaru yana jira ya gani. Ya yi aiki. Ya nemi murna a ransa bai samu ba, sai gajiya.

Malam Shu'ibu ya yi gyaran murya. "Zarami, tambaye shi. Zuwa baɗi zai tuna?"

"Ba zai tuna ba, Baffa," in ji Misbahu, bai jira an isar ba. "In ya daina ganin tsuntsu, zai manta."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya tashi ya je gindin gorar, ya kama ta da hannu biyu yana girgizawa har ta saki laka. Misbahu ya taso zai karɓa, ya kauce masa. Ya saɓa ta a kafaɗa da akwatinta da lasifikarta, ya ja ƙafa ya tsallake kunyar iyaka zuwa gonar Zarami, wadda sai yanzu take fid da kai. Ya kafa ta a tsakiya ya danna laka da diddige.

"Kai, Babarbare. Kada ka rufe shi. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya."

"Ni ina da malafar ɓatarwa ne?" in ji Zarami. Sannan ya rage murya. "Shu'ibu, in Allah ya tsare tawa, buhunka na ciki. Baɗi kuma sai mu kafa shi tun ranar shuka, a tsakaninmu."

"Ka kafa a taka. Na riga na yi magana."

Abin da suka yanka daga baya jirgi ɗaya ya ɗauke shi, har da wurin zaman mutum uku. Ranar da suka kwaso, Malam Shu'ibu ya ɗauko turmin da garwar ya saka a jirgi, bai bar komai nasa a gonar ba. A bakin ruwa ta kudu kacalla ta riga ta turo 'ya'ya cikin kunyar farko. Ya gan su, bai tsuguna ya cire ba.

Suka kama hanya da tsakar rana. Uba a goshi ya ba da baya, ɗa a tsakiya kan dami, kansa a sunkuye, rana na dukan ƙeyarsa. Daga bayansu lasifikar ta yi ƙara sau ɗaya a gonar Zarami ta yi shiru. Da suka shiga hanyar kacalla tsohon ya cire malafar daga kansa, ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, ya lalubi kan Misbahu ya kifa masa ita. Tana warin gumi da hayaƙi.

"To, madalla," in ji Zarami. "Rufe wannan ma, ya manta ɗan karatun da ya rage masa."

"Tuƙa jirgi, kai."

Misbahu bai cire ba. Zarami ya kafa gora a laka ya tura.